Gaisuwar Safana

A Kudu na koyi shan giya, lokacin ina bin motar shanu. Na dawo Batsari da ita kamar yadda wasu ke dawowa da ciwon baya. A garinmu ba a sayar da ita a fili, amma mai nema ya san ƙofar da zai taɓa. Na sha har hannuna ya soma rawa a kan hauya.

Na je wurin wani mai kemis, na ce ya ba ni maganin rawar hannu. Ya dubi idona, ya ce ba shi da shi, amma in je gaisuwa Safana ranar Laraba bayan Azahar, wani zaure a bayan injin ɓarar gyaɗa. Ban tambayi wa ya rasu ba. Tun da ɓarayin daji suka sa mu gaba, wa ke tambaya? In an ce gaisuwa sai ka sa hula. Na ɗauka wani ne cikin mutanenmu na harkar shanu.

Na hau acaɓa na je. Na tarar da maza kan tabarmi, kowa kai a ƙasa. Na cire takalmi, na durƙusa, na yi musu ya haƙuri, na ce Allah Ya jiƙan rai. Suka dubi juna. Sai wani siriri ya fashe da dariya har da tari.

"Amin, yaya," ya ce. "Ga mamatan nan a zaune. Matso ka cika sahu."

Ashe zaman masu son daina sha ne. Wani tsohon malamin asibiti ya haɗa shi, ya sa masa suna gaisuwa don kada iyali su yi tambaya. Ba a wa'azi a wurin, wa'azi mun sha shi. Kowa ya faɗi yadda satinsa ya wuce. Wanda ya koma ya sha ya faɗa, ba mai ce masa tir. A sha shayi a watse.

Siririn nan ɗan wani babban malami ne a wani ƙauye kusa da Safana. Ubansa ya daɗe da daina amsa gaisuwarsa. Siririn ya bar sha tun kafin ruwan farko, amma bai gaya wa tsohon ba, wai ya sha yi masa alkawari yana saɓawa, wannan karon sai ya shekara. In na shigo sai ya ce gawar Batsari ta iso. Da na zame na koma sha tsakiyar damina na ƙi zuwa, shi ya biyo ni har gona, ya ce wa mutane maiwa ya zo dubawa. Ya zauna gindin marke yana zagina da wasa har na yarda na koma.

Da kaka idonsa ya yi ɗorawa, ciki ya kumbura. Aka kai shi Katsina, aka ce hanta ce, ta riga ta tafi. Bai ga ɗaurin gero ba.

Wannan karon gaisuwar gaske ce. Mu 'yan zaman Laraba muka shirya kowa ya je daban, kamar ba mu san juna ba. Zauren ubansa cike yake, cikin masu zaman har da wan matata, don ya yi karatu wurin tsohon. Bayan addu'a sai na ji malamin, uban mamacin, yana gaya wa na kusa da shi cewa ba mutuwar ke cin sa ba. An san sallar mai sha sai ta kwana arba'in ba a karɓa, shi kuma ya wanke ɗansa da hannunsa bai san a kan me ya cika ba.

Malamin asibiti ya zuba wa tabarma ido. Sauran 'yan zamanmu ma haka. Na dubi surukina, sannan na juya wurin uban mamacin na ce:

"Allah gafarta Malam, tun kafin shuka bai kai giya bakinsa ba. Ni shaida ne."

"Kai wane ne? Ina ka san haka?"

"Tare muke zaman dainawa. Ni ma ina sha."

Bai yi mini godiya ba. Ya ce, "Tun kafin shuka?" Na ce e. Ya ja gefen rawani ya rufe fuska, kafaɗunsa na motsi.

Surukina ya tashi bai yi mini sallama ba. Labari ya riga ni isa Batsari. Yanzu in na nufo majalisa hira takan tsaya, a masallaci na kusa da ni yakan janye ƙafa. Matata ta ce ita ta daɗe da ganewa, don babu garin da ake mutuwa ranar Laraba kaɗai. Amma wanta ya ce ta je gida ta huta tukuna. Ba ta tafi ba, ba ta kuma kwance kayan da ta ɗaure ba.

Ina zuwa Safana har yanzu. In na shiga zauren sai a matsa mini wuri, a miƙo shayi. Ba mai ce mini gawar Batsari.