Bulon Ɗaya a Gidan Ishaku

Ishaku tsohon soja ne a Gazawa. Ya bar ƙafarsa ta hagu a yaƙin Faransa, aka sallamo shi da ta katako mai gwiwar ƙarfe. Abin da ke riƙe gwiwar bulon ne guda, wato ƙusa mai zare da noti. A shekarar da ƙasa ta samu 'yancin kai bulon ɗin ya karye, likitan Bature da ke gyara masa kuma ya riga ya tattara ya koma gida.

Mutumin da bai taɓa shiga lakol ba, wato makarantar boko, dole ta sa ya zama malamin bulon. Duk mai tafiya kasuwa sai ya tare shi da karatu: takwas da arba'in. Takwas kauri ne, arba'in tsawo, duka a milimita. Wani direba mai suna Sanda ya ji takwas, ya ɗauka lambar kile ce, abin kwance noti, ya kawo wani ɗan siriri kamar tsinken tsire. Fatake kuma suka riƙa kawo na Katsina. A ido kamar an yi shi don gwiwar, amma awon Ingila ne, zarensa daban. Ya shiga kaɗan sai ya cije. Ishaku ya shafa haƙoransa da farce ya ce, "Wanga ma ɗan ƙetare na, ba ya jin Faransanci." Mu maƙwabta mun gaji da maganar bulon, balle shi da ke jan gindi zuwa bakin zaure.

Ba rashin zuwa gona ne ya fi cin ransa ba, rashin zuwa masallacin Juma'a ne. Ya ce bai yarda a kai shi gaban Allah a kan jaki kamar buhun gero ba.

Matarsa Zinariya tana da injin niƙan gyaɗa na hannu, ɗan Faransa, da shi take ƙuli-ƙulin da gidan ke ci. Wata Juma'a ta kwance bulon da ke riƙe hannun injin ta miƙa masa.

"Maigida, gwada wanga."

Ya shige sumul har ƙarshe. Ishaku ya ce, "To ke da mi za ki niƙa?"

"In ka dawo ka maido mini abina."

Haka suka zauna shekaru. Sauran kwanaki inji na juyawa, Ishaku na zaune, ranar Juma'a inji ya huta, Ishaku ya miƙe. Har haushi nake ji in na tuna ƙasa guda ta kasa samar wa mutum ƙarfen da bai kai yatsa ba.

Da ya rasu, muka ce to inji ya samu bulonsa. Juma'ar da ta biyo na leƙa gidan da hantsi, na tarar da Zinariya zaune a ƙofar ɗaki. Ta riga ta kwance bulon ɗin, ta goge shi da mai, yana tafin hannunta.