Tulun Irin Yaya Sanda

Shekara ashirin ke nan da rasuwar yayana Sanda, Allah ya jiƙansa. Ba na ɓatan lissafi, domin ya cika ne da kakar shekarar da aka ba mu jihar Zamfara. Mutane na murna a tituna, mu muna zaman makoki a garinmu Banga.

Ni na bar noma da wuri. Awon gyaɗa nake yi kusa da tashar jirgin ƙasa a Kaura Namoda, lokacin da gyaɗa ke ciyar da kowa: mai lodi, mai mota, tela, har mai fura. Da babban farin nan ya zo, sai na ga yadda ruwan sama ke riƙe da aljihun wanda bai taɓa kama fartanya ba. Buhuna suka ƙare, taragu suka koma wayam, a kasuwar Shinkafi saniya ta zama ba ta kai kuɗin buhun dawa ba. Aka sallame mu. Na koma gida da mata da 'ya'ya uku.

Yaya Sanda yana da wani tulu a ɗakinsa, cike da irin geron mahaifinmu, mai saurin nuna. Ya liƙe bakinsa da laka, ya zana haruffa biyu na Ajami a kai, bai sa wasali ba. Ranar da ƙaramar 'yata ta daina kuka saboda rashin ƙarfi, na fasa lakar. Muka sha kunu kwana tara.

Da ya gano, bai ɗaga murya ba.

"Malam ƙarami, mi na rubuta nan?"

"Yaya, ba ka sa wasali ba. Ni aro na karanta."

"Iri na rubuta, kai ma ka sani. Yunwa ta sa maka fataha, ta mai da iri aro." Sannan ya ce, "Da rance ka ce, kowane gero ka kawo sai in amsa. Tunda aro ne, shi ɗin nika so."

Na ɗauka wasa ne. Damina ta dawo, ya shuka geron da aka samo a kasuwa, wanda bai san ƙasarmu ba, ya yi shekaru gonarsa ba ta koma daidai ba. Duk kaka in kai masa damma, ya murza zangarniya a tafinsa, ya ce, "Na gode, amma ba shi ba ne." Muna gaisawa, muna cin tuwo akushi ɗaya, amma maganar tana nan tsakaninmu.

Nakan tambayi kaina me zai ce yau, da za a nuna masa tashar da jirgi ya daina zuwa, da manomin da ke sayar da hatsinsa tun yana gona, wata shekara fari, wata ambaliya. Ina jin ba zai yi maganar gwamnati ba. Tambaya zai yi ko akwai wanda ya ajiye iri.

Sai da ya tsufa na tuna gwaggonmu da aka kai aure Gurbin Bore da ƙwaryar geron gidanmu cikin kayanta. Na je, na tarar jikokinta suna shuka shi har lokacin. Na roƙi tiya guda, na shuka da hannuna a gefen gonarsa. Da geron ya nuna, Yaya yana kwance ba lafiya. Na sa masa zangarniya a hannu. Ya murza, ya sansana, ya tauna ƙwaya biyu da sauran haƙoransa.

"Shi ne," in ji shi. "Na amsa."

Tulun yana nan wurin ɗansa. Duk shekara ni ke rubuta kalmar a kan laka, kuma ban taɓa manta wasali ba.