Katin Ƙarshe a Cikin Roba

Aikina a Sharja, kusa da Dubai, tsintar gwanjo ne. A kwance dila daga Amurka, mu ware riguna daban, wanduna daban, mu lalube kowane aljihu kafin a sake ɗaurewa. A aljihun wata tsohuwar jaket na fara tsintar wani kati mai hoto: wani Bature riƙe da kulki a kafaɗa, yana murmushi kamar an yi masa albishir. Wani Bafilipine da muke aiki tare ya ce ɗan wasan besbol ne, kuma katin ya girme ni.

Har yau ban san yadda ake cin wasan nan ba. Amma na ga lamba a bayan katin, na gane yana da 'yan'uwa. A garin da ko gadon da nake kwana a unguwar Al Nahda na haya ne, sai na ji ina son abu ɗaya cikakke da zan ce nawa ne. Na zaɓi ƙungiya ɗaya ta shekara ɗaya, na rubuta lambobin da babu a hannuna, na raba wa masu tsinta. Wasu na same su a dila, wasu na yi musaya da wani Ba'amurke mai tara irinsu. Kowanne ya zo sai na soke lambarsa, har saura ɗaya.

Abokin ɗakina Badamagare ne, ni kuwa Bakano, don haka ba ya raga mini.

"Wai kai Bakano, mutane na tara kwantena, kai kana tara hoton ƙatti masu taɓarya?"

Ashe shi ma takardar lambobin tana aljihunsa. Da bizarsa ta kusa ƙarewa, ya shiga haɗa kayan komawa gida, sai ga shi wata Juma'a bayan masallaci yana washe baki.

"Yalla, miƙo hannu, bawana. Na samo maka na ƙarshen wajen masu bosho, gwanjo in ji ku Kanawa. Har kasuwar Naif na kai aka yi masa plastik, ko ruwa ba ya taɓa shi. Khalas, an gama!"

Mu dai duk takardar da muke girmamawa, daga ta haihuwa har ta makaranta, sai mun kai an manne ta cikin roba. Masu tara kati kuwa, a wurinsu katin da aka manne ya mutu, ko kyauta ba sa karɓa. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na buɗe baki zan yi masa bayani, sai na ga yadda yake goge robar da hannun rigarsa kafin ya ba ni.

Na ce, "Allah ya saka da alheri, ɗan'uwa." Na ɗauko biro na soke lambar a gabansa.

Sauran katunan suna kwali ƙarƙashin gado, sai na wanke hannu nake taɓa su. Wannan kuwa yana aljihuna kullum, gumin Dubai bai yi masa komai ba.

Kwanan baya ya kira ni daga Damagaram, ya buɗe rumfar gwanjo a kasuwa.

"Bakano, turo sabbin lambobi. Aljihunan nan ba mai lalube su sai ni."

Na tura masa. Ban ce kada ya manne ba.