Ƙugiyar da Ta Karkata

Ranar Litinin ta biyu bayan Babbar Salla, da ƙarfe goma da kwata na safe, ni da 'yata ta fari muka shiga wani shagon kayan lantarki a Maraɗi, ina rungume da ordinater ɗina, wato kwamfuta, a cikin zanen atamfa. Daga Gidan Rumji muka taso. Fuskar na'urar ce ta mutu, garantinta kuwa bai ƙare ba.

'Yar tawa ce ta saya mini ita bayan na ajiye aikin koyarwa, domin in riƙa shirya darussan yaƙi da jahilci. Sai na tarar maɓallanta na Faransanci ne, babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Ni kuwa a lakol, makarantar mishan, aka hore ni, inda manta ƙugiyar harafi ke jawo bulala, saboda haka ba zan rubuta kasa inda nake nufin ƙasa ba. Surukina ya saita wasu maɓallai na gefe su riƙa fitar da haruffan, amma kullum sai in rikita su.

Mai ɗakina ta gaji da ƙorafina. Wata rana da hantsi ta ɗauki allurar ɗinkinta ta zana haruffan a kan maɓallan, ta goga musu alli har suka fito fari tas. Na duba da kyau, na shaida mata cewa ƙugiyar ɗ ta karkata.

"To, Malam, ba ni sifiri mana," in ji ta. "Ai hannunka ya saba."

A daminar da ta biyo baya Allah ya karɓi abarsa. Allin ya goge daga baya, amma karcen ya zauna, kuma duk lokacin da na zauna aiki yatsana kan riga idona samunsa.

Mai shagon ya ce kamfani zai musanya, ya fito da sabuwa a kwali, ya karɓi tawa. Na miƙa ta hankalina kwance. A garinmu, idan maƙeri ya sake maka ruwan hauya, tsohon ƙarfen yakan miƙo maka, tela ma yakan mayar da ƙyallen da ya rage. Na ɗauka in sun gama bincikensu za su aiko mini da abata.

Bayan girbi na koma ni kaɗai na tambaye shi. Ya fara dariya, da ya dubi fuskata sai ya daina, ya ba ni kujera. Ya bayyana mini cewa da zarar an musanya, tsohuwar ta zama ta kamfani. Akan tara irinsu a kai Yamai, daga can a ƙetare da su. Wadda za ta gyaru sai a share abin da ke cikinta, a sake mata sassa, a sayar da ita a matsayin ta hannu. Wadda ba za ta gyaru ba sai a kwance ta, a cire abin amfani, a narke sauran. Ya ƙara da cewa kada in damu, babu wanda zai karanta rubutuna. Na ce masa rubutuna yana wurina, maɓallai nake nema.

"Baba, ai maɓalli mai karce shi ake fara cirewa. Wa zai sayi abu mai tabo?"

Duk da haka ya yi alkawarin bin sawunta. Ina jira, 'yata ta ce in yarda ta zana mini haruffan a kan sabuwar. Na san hannunta ya fi na uwarta daidaito, ƙugiya ba za ta karkace mata ba. Na ce ta bari tukuna. A watannin nan, duk inda na ga ordinater ta hannu a kasuwa nakan roƙi a buɗe mini, in shafa gefen maɓallanta, in yi godiya in wuce.

A cikin azumi mai shagon ya kira ni a waya. An kwance ta tun kafin in koma tambaya, maɓallan kuma an narkar da su tare da sauran roba.