Ɗinkin Siren a Shagona na Kalley

Shekara uku ke nan 'yan matan Yamai ba su son wani ɗinki sai siren. Riga ce da ke matse mace tun daga ƙirji har gwiwa, sannan ta baje a ƙasa kamar wutsiyar kifi. Ni tela ce, shagona yana Kalley, kuma na ɗinka ta har bayana ya daina miƙewa sosai.

Bara mahaifiyata ta zo daga Gaya neman maganin ido. Da rana ba kowa a gida, sai nake tafiya da ita shago, ta zauna bisa tabarma kusa da keken ɗinki tana jan carbi.

Ana saura kwana shida Sallah, kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke tun da safe, ina ta taka keke da ƙafa, gumi na zuba. Wata budurwa ta zo gwada rigarta ta shadda. Sai da na kama mata kafin ta shiga ciki, ta ja ƙafa zuwa madubi da ƙyar.

"Wai mene ne siren ɗin nan da nake ji kullum?" in ji Inna.

"'Yar ruwa ce, Inna, da Faransanci."

Budurwar ta so ta durƙusa ta nuna mata hoto a salula, rigar ta hana, sai ta miƙa mata daga tsaye. Inna ta kai shi dab da idonta mai gani. Wata baturiya ce mai dogon gashi da jelar kifi, tana murmushi bisa dutse.

"Ba haka take ba," in ji ta. "Ba ta dariya."

"Kin taɓa ganin ta, Kaka?" in ji budurwar.

Na san abin da zai biyo, don na ji shi ya fi a ƙirga. Inna tana ƙarama, yayarta ta tafi bakin kogi wankin kwanoni da hantsi. An tarar da kwanonin a jere, a wanke tas, ita kuwa babu. Masunta suka yi kwana uku suna nema. Wasu suka ce 'yar ruwa ta ɗauke ta, wani tsohon masunci ya ce abin da mutane ke gani a wurin ayu ne kawai, ruwan ne ke da rami. Kakata ba ta yarda da shi ba. Har ta rasu, duk shekara sai ta zuba nono a wannan wurin, ko za a sako mata 'yarta.

Budurwar ta ce Allah ya jiƙanta.

Inna ta laluba ta kama bakin rigar. "Buɗe mata ƙasan nan," ta ce da ni. "In wani abu ya taso, da me za ta gudu?"

Yarinyar ta yi dariya cikin ladabi. Da ta juya madubi, ta rage murya ta ce, "Tanti, ƙugun nan a ƙara matse shi kaɗan."

Na sa allura na kama wurin. Ba ni da ƙarfin gardama da ko ɗayansu, ga riguna goma sha ɗaya a rataye suna jira na.

Bayan Sallah Inna ta ce Yamai ta ishe ta, hayaniya ta yi yawa. Likita ya ce idon hagu ya riga ya tafi, sai dai a lallaɓa na dama. Na raka ta tasha da kwalaben magani biyu a ƙullin zanenta, na tsaya har motar ta tashi, sannan na nemi taksi zuwa shago.