Audugar da ɗana yake kai wa aji

Ni ban yi boko ba, amma ni na haifi malamin Turancin da duk Gawon Nama aka sani. Baki kuwa a wurina ya gada.

Kullum da safe sai ya tsinci auduga a kwandon kaɗina ya sa aljihu. Wai yaran sakandare ba su iya faɗin "pa", sai "fa" ko "hwa". Sai ya ɗora audugar a tafin hannu, ya rufe leɓe, ya ce "pa", ta yi tsalle. Yaron da tasa ba ta yi tsalle ba, ya sake.

Da aka kawo kwamfutoci makarantar, abokiyar aikinsa, wata malama Kirista da ke zaune Arkilla, ta rungume su hannu biyu. Har gida ta biyo shi da waya.

"Malam, ka karanta darasi guda in ɗauka. Yara su saurara a gida."

Ya ce, "Malama, wagga aba tana da numfashi? Sa mata auduga mu gani."

Ta juyo wurina. "Inna, ki sa baki mana."

Na ce, "Ɗiyata, ɗana ba rediyo ba ne."

Ta yi dariya, ta ci tuwona, ta tafi. Ta sha dawowa, bai taɓa yarda ba. Har yau ina ganin gaskiya gare shi.

Da damina ya kwanta, bai tashi ba.

Bayan an share makoki ɗiyarsa ƙarama ta ce tana son jin muryar babanta. Malama ta bi malamai da ɗalibai tana tambaya. Muryar Malama na cikin kowace waya, tasa ko tari babu.

Na ce su kwantar da hankali. Ni da nake yin muryar kura da ta gizo a tatsuniya har yara su ruga, ta ɗan cikina za ta gagare ni? Na ce Malama ta kunna wayar. Na ɗora auduga a tafina, na gyara zama irin nasa, na rufe leɓe.

"Hwa," na ce.

Yarinyar ta dubi audugar, ta dube ni.

"Ba haka Baba ka yi ba."

Malama ta kashe wayar.