Sukarin Doki da Yatsan Surfani

Shekarun baya, lokacin ina surfani da hannu a 'yar rumfata a unguwar Briqueterie ta Yaoundé, abokina mai fataucin shanu a unguwar Etoudi ya tashi aure. Ni ya ba wa aikin babbar rigarsa. Kawunsa kuma ya aiko masa da doki daga arewa a motar shanu, wai ango ya hau. A Yaoundé fa, inda taksi ma sai da dabara yake ratsa lungunmu.

Biki ya matso, saura aikin aljihu, na kai masa rigar ya gwada. Muna shan shayi kusa da turken dokin, sai karambani ya motsa mini, na ɗauki ƙwayar sukari. Abokina ya ce in shimfiɗa tafin hannu, in haɗe yatsu, in bar shi ya ɗauka da leɓe, domin doki ba ya ganin abin da ke ƙarƙashin hancinsa. Na ce to. Amma hannun tela ba ya jin magana. Na riƙe sukarin da yatsu biyu kamar zan zura zare.

Dokin ya haɗa da manuniyata ta dama.

"Kada ka ja!" in ji abokina.

Ina, na riga na fizge. Daga baya ya ce da na tsaya cak, da dokin ya saki da kansa. Fizgar ce ta yage naman. Ya hana a daki dokin, ya wanke mini da sabulu, ya ɗaure da tsumma mai tsabta, muka tafi asibiti. Aka yi wa tela ɗinki, aka ƙara da allurar tetanus. Mahaifiyata da ta gani cewa ta yi, "Kai da ko akuya ba ka taɓa kiwo ba?"

Na ba shi shawara ya kai rigar wani ya ƙarasa. Ya ƙi, ya ce hannun da ya fara shi zai gama. Haka ya hau dokin da aljihu babu ado.

Raunin ya warke, amma kan yatsan bai sake jin allura ba, dole na koma keken ɗinki. Ban taɓa jin haushin dokin ba, abin da aka miƙa masa ya karɓa. Abin da ke sosa mini rai shi ne rigar. Tana nan ninke a akwatin abokina, kuma duk Sallah sai ya tambaye ni yaya yatsan.